Makaɗin Jaz Da Faifan Sata: Karɓo Naka, Amma Ka Tuna Da Yaranka

A wannan mako mun ɗauko magana daga nesa, daga wurin makaɗan jaz na Amurka, domin akwai tambaya a cikinta da ta isa a zauna a kanta. Ga tambayar. Wani ya shiga gidan wasa da ƙaramar rikoda ɓoye cikin riga, ya ɗauki kiɗan makaɗi ba da izininsa ba, ya yaɗa shi ko'ina. Bayan shekaru makaɗin ya samo wannan ɗauka, ya sa mata kuɗi, ya shiga sayar da ita a intanet da sunansa. Shin ya yi daidai? Wannan abu yana faruwa a yau, har waɗansu makaɗa da kansu suke sa rikoda a wurin wasansu domin su riga ɓarayi kai kayan kasuwa.

A namu ra'ayi makaɗin ya yi daidai, gama kayansa ne ya karɓo. Amma akwai sharaɗi mai nauyi a kansa, kuma a kan sharaɗin nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Bari mu bi maganar daki daki.

Me ya sa ake satar wannan kiɗa?

Kiɗan jaz ya taso ne a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20, a hannun baƙaƙen fata jikokin bayi, waɗanda suka haɗa waƙoƙin sujadarsu, da waƙoƙin baƙin cikinsu, da kiɗan badujala. An buga faifansa na farko a shekarar 1917. Abin da ya bambanta shi da sauran kiɗan Turawa shi ne, makaɗi ba ya bin takarda daga farko har ƙarshe. Sai a fara da karin da kowa ya sani, sa'an nan mai busa ya ɗauka ya yi ta ƙirƙiro nasa nan take, mai piyano ya amsa masa, mai ganga ya tsokane shi, kowa yana sauraron ɗan'uwansa. Wanda ya taɓa jin gwanin mawaƙi yana ƙaro baiti a tsakiyar fage saboda ya hango wani bako ya shigo, ya san abin da muke nufi. Saboda haka kiɗan daren Talata daban yake da na daren Laraba, ko da waƙa ɗaya ce, mutane ɗaya ne. Abin da aka busa ya tafi ke nan, in ba wanda ya ɗauka.

Wannan shi ya haifi masu ɗaukar ɓoye, kuma su iri biyu ne. Iri na farko masoya ne. Misalinsu shi ne Dean Benedetti, wani matashi mai busa saksofon, wanda ya riƙa bin Charlie Parker da na'urar ɗaukar sauti a birnin Los Angeles a 1947, da birnin New York a 1948. Burinsa ya koyi busa irin ta Parker. Domin tsimin faifai, da Parker ya fara busa sai ya kunna na'urar, da ya gama sai ya kashe, ya bar sauran makaɗan a waje. Ku riƙe wannan a zuci, za mu komo kansa. Parker ya rasu a 1955 yana da shekara 34, Benedetti ya bi shi a 1957, kuma sai a 1990 ne kamfanin Mosaic ya fitar da waɗannan ɗauke-ɗauke ga jama'a.

Iri na biyu 'yan kasuwa ne. A birnin New York an yi wani mutum mai suna Boris Rose, wanda ya shekara da shekaru yana ɗaukar kiɗan da gidajen rediyo suke watsowa kai tsaye daga gidajen wasa, yana buga shi a faifai da sunayen kamfanoni iri iri, yana sayarwa. Irinsa sun yi yawa a Turai da Amurka. Makaɗi zai shiga kantin faifai a wata ƙasa ya tarar da hotonsa da sunansa a kan faifan da bai san da shi ba, kuma ko anini ba a ba shi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yarjejeniyar Rum ta 1961 ta amince cewa mai wasa yana da ikon hana a ɗauki wasansa ba da yardarsa ba, amma Amurka ba ta kafa dokar tarayya a kan wannan ba sai a 1994. Kafin nan makaɗa da yawa sun tsufa, waɗansu sun mutu cikin talauci.

Daren Toronto

Tun kafin intanet akwai makaɗan da suka ce ba za su zauna suna kuka ba. Ranar 15 ga Mayu, 1953, wata ƙungiyar masoya jaz ta birnin Toronto a Kanada ta gayyato gwanaye biyar zuwa zauren Massey Hall: Charlie Parker, da Dizzy Gillespie mai busa ƙaho, da Bud Powell mai piyano, da Max Roach mai ganguna, da Charles Mingus mai kaɗa babbar bes. Sai aka yi rashin sa'a, a daren ne ake damben Rocky Marciano da Jersey Joe Walcott, mutane suka tafi kallon dambe, kujeru da yawa suka zauna babu kowa. Kuɗin ƙofa bai isa a biya makaɗan ba. Amma an ɗauki wasan a tef, Mingus kuwa ya tafi da tef ɗin New York, ya fitar da shi a ƙarƙashin Debut, ɗan kamfanin da shi da Roach suka kafa a 1952. Har yau ana lissafta wannan faifai cikin mafi daraja a tarihin jaz.

Shekaru 55 bayan haka, Sonny Rollins ya ɗauki wata hanya. Shi mai busa saksofon ne da masana suka daɗe suna cewa ƙarfinsa yana fitowa a gaban jama'a fiye da cikin ɗakin ɗaukar sauti, don haka masu rikodar ɓoye suka yi ta binsa. Wani mai tara irin waɗannan kaset daga jihar Maine ya tara da yawa, kuma maimakon ya sayar, ya buɗe wa Rollins rumbunsa. A 2008 Rollins ya fitar da faifai mai suna Road Shows a ƙarƙashin kamfaninsa na Doxy, wanda ya ƙunshi wasannin da ya yi daga 1980 zuwa 2007, waɗansu daga ajiyarsa, waɗansu daga ajiyar wannan mutum. Shi ya saurara, shi ya zaɓa, shi ya ce wannan ya fita, wancan ya zauna. Abin da aka ɗauka a bayan idonsa ya komo ƙarƙashin ikonsa.

Da intanet ta zo

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A da makaɗi ba shi da yadda zai kai kiɗansa ga jama'a sai ta hannun kamfani mai injin buga faifai da motocin rarrabawa. Intanet ta rage wannan buƙata ƙwarai. A 2005 Maria Schneider, shugabar wata babbar ƙungiyar jaz, ta ci lambar Grammy da faifan da ba a sayar da shi a kanti ba, sai ta intanet kaɗai. A watan Disamba na 2006 Dave Douglas mai busa ƙaho ya yi darare shida yana wasa a gidan Jazz Standard na New York, ana ɗaukar kowane zagaye, ana sa shi a kasuwa ta kamfaninsa na Greenleaf cikin kwana guda. Wanda yake Tokyo ko Landan yana iya sayen kiɗan daren jiya. Ina ɓarawo zai sami kasuwa a nan? Manyan kamfanoni ma sun ga riba a ciki. Daga 2011 kamfanin Columbia ya fara fitar da jerin wasannin Miles Davis da gidajen rediyo da talabijin na Turai suka ɗauka, waɗanda da yawansu sun daɗe suna yawo a hannun masu sata, har ma ya sa wa jerin sunan da Turawa suke kiran faifan sata da shi.

Kada mu ɗauka kwaɗayi ne yake tura makaɗan nan. Dandalin sauraro irin su Spotify suna biyan abin da bai kai kwabon Amurka ɗaya ba a kan kowane sauraro, kuma daga 2024 waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin shekara ba, Spotify ba ya biyan komai a kanta. Masu sauraron jaz kuwa ba su da yawa in an gwada su da masu sauraron kiɗan zamani. Amma a dandalin Bandcamp, wanda aka buɗe a 2008, makaɗi shi yake sa farashi, dandalin ya cire kashi 15 cikin 100 na abin da aka sauke, a cire ɗan kuɗin aikawa, sauran ya shiga aljihunsa. Sa'ad da annobar korona ta rufe gidajen wasa a watan Maris na 2020, makaɗa suka wayi gari ba aiki, da yawansu suka koma kan tsofaffin ɗauke-ɗauken da suke ajiye a kwamfuta da waya, suka sayar domin su biya kuɗin haya. Gidan Jazz Standard ɗin nan kansa an rufe shi ɗungum a Disambar wannan shekara. Mutumin da ya sayar da muryar ƙahonsa domin ya ciyar da iyali, ba mu ga wanda zai ɗaga masa yatsa ba.

Inda sharaɗin yake

To, 'yan'uwa, ga inda gizo yake saƙa. Muna cewa makaɗi ya karɓo kayansa. Amma kayan nasa ne shi kaɗai? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A kan faifan za a rubuta sunan shugaban ƙungiya da manyan baƙaƙe, alhali a daren mutum huɗu ko biyar ne suka yi gumi. Mai gangan da ya zauna a baya, da mai bes, da mai piyano, an biya su ladan wasan dare ɗaya ne, domin mutanen da suke cikin ɗakin su ji. Ba wanda ya yi ciniki da su a kan faifai. In shugaba ya ɗauki wannan dare ya sayar wa duniya, ya sa kuɗin a aljihu bai ko buga musu waya ba, to ya yi musu daidai abin da mai rikodar ɓoye ya yi masa. Benedetti ya kashe na'ura sa'ad da sauran makaɗa suke wasa, amma shi tsimin faifai ne ya sa shi. Shugaban da ya bar kiɗan yaransa a cikin faifai ya cire sunansu daga rabo, nasa laifin ya fi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Labarin Toronto ma bai kuɓuta daga wannan ba. Gillespie ya yi kukan cewa shekaru da yawa sun wuce bai ga kuɗinsa na wannan dare ba. Wato tef ɗin da aka karɓo domin a share wa makaɗa hawaye, bai share wa dukansu a lokaci ɗaya ba. Wannan ya isa ya zama gargaɗi.

Bayan yaran kiɗa akwai wanda ya tsara waƙar. Makaɗan jaz sun saba ɗaukar karin da wani ya rubuta su gina nasu a kai. Dokar Amurka ta ce duk wanda ya sayar da ɗaukar waƙar wani, sai ya biya mai waƙar wani ƙayyadadden kaso a kan kowane kwafi. Kamfani yana da ma'aikatan da suke wannan lissafi. Makaɗin da ya zama kamfanin kansa, lissafin ya hau kansa, ko ya so ko bai so ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Akwai kuma alkawari. Makaɗi da yawa sun sa hannu a takarda cewa duk abin da suka ɗauka cikin waɗansu shekaru na kamfani ne. Abin da ya sa ke nan a kan faifan Toronto aka rubuta sunan Parker da Charlie Chan, domin yana ɗaure da yarjejeniyar wani kamfani. Mun sani sarai yawancin takardun nan an rubuta su ne domin ƙarfafa kamfani a kan makaɗi, kuma waɗansu zalunci ne tsantsa. Duk da haka mutum ya sa hannu, maganarsa ce. Hanyar da ta dace ita ce ya koma ya nemi a sake shi, ko a sake ciniki, ko ya kai ƙara. Sayarwa ta bayan gida da sunan aro tana mai da mai gaskiya abin zargi.

Na ƙarshe shi ne mai saye. Da Mingus ya saurari tef ɗin Toronto ya tarar bes ɗinsa ba ta fito sosai ba, sai ya shiga ɗakin ɗaukar sauti ya sake kaɗa ta a kan tef ɗin. Mutane sun daɗe suna sauraron faifan suna tsammani abin da aka ji a zauren ke nan, sai bayan shekaru da yawa aka fitar da na asali. A yau gyara sauti da kwamfuta ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. In makaɗi ya gyara, ya faɗa. In da waya aka ɗauka daga bayan ɗaki, ana jin ƙarar cokula da tari, ya faɗa kafin mutum ya biya. Mai saye zai yafe sauti marar kyau in an gaya masa, amma ba zai yafe ruɗi ba.

Me za a ce da mai rikodar?

Wani zai ce mana, ai in ba don waɗannan masu ɗauka ba da dukiya mai yawa ta salwanta. Wannan gaskiya ne, ba mu musa ba. A watan Oktoba na 1968 Thelonious Monk ya yi wasa a wata makarantar sakandare a garin Palo Alto, mai sharar makarantar ya ɗauka, kuma sai a 2020 duniya ta ji wannan wasa, shekara 38 bayan rasuwar Monk. Lalle akwai godiya da ta cancanci irin wannan mutum. Amma alherin da ya fito daga wani aiki ba ya ba mai aikin mallakar abin da ba nasa ba. Wanda ya tsinci akuyar maƙwabci ya ba ta ruwa da dusa, a gode masa, a biya shi wahalarsa in ya nema, amma akuya ta mai ita ce. Mai tara kaset ɗin Rollins ya nuna hanya: ya ajiye, ya kai wa mai shi, ya bar masa hukunci.

Akwai kuma hakkin makaɗi na ya ce a'a. Wani dare ba shi da lafiya, wani dare leɓensa ya ƙi, wani dare yana gwada sabon abu bai yi nasara ba. Wanda ya yaɗa irin wannan dare ya tona masa asiri ko da bai karɓi kwabo ba. Shi ya sa muke ganin sayarwar da makaɗi ya yi da kansa ta fi kowace hanya kyau, gama shi ne ya san daren da yake so a tuna da shi.

Abin da ya shafe mu

Kada mu ce wannan maganar Amurkawa ce kawai. A bikin aure, ko taron zumunta, ko ranar godiya, da mawaƙa sun miƙe sai ka ga wayoyi sun tashi sama kamar zangarniyar gero. Kafin mako ya zagayo waƙar ta shiga katin waya a kasuwa, mai tura waƙoƙi yana karɓar kuɗi, matan da suka yi wata guda suna zuwa koyon waƙa da yamma bayan aikin gona ba su ma sani ba. Dokar hakkin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta amince da hakkin mai wasa a kan ɗaukar wasansa. Amma tun kafin doka, kunya da sanin ya kamata sun isa su hana mu.

Saboda haka ga shawararmu. Mai waya ya tambaya kafin ya ɗauka, in kuwa ya riga ya ɗauka, ya kai wa masu waƙar kafin ya tura wa kowa. Ƙungiyoyin mawaƙa su yi koyi da makaɗan jaz, su ɗauki nasu da kansu, su fitar da wuri, su sa farashin da talaka zai iya biya. Shugaban ƙungiya kuma, tun kafin a kunna rikoda, ya zauna da mutanensa a yi magana a fili: nawa ne na mai ganga, nawa ne na 'yan amshi, nawa ne na wanda ya tsara waƙar, nawa ne zai shiga asusun ƙungiya. A rubuta, kowa ya sa hannu, a karanta lissafi a gaban kowa in kuɗi ya shigo. Ƙungiyoyi da yawa da suka fara da ƙauna, kuɗin kaset ne ya watsa su. Mu masu sauraro kuma, in hanya biyu tana gabanmu, ta kyauta daga hannun wanda bai yi gumi ba, da ta biya daga hannun mai kiɗan, mu zaɓi ta biyun ko da za mu rage kuɗin kati.

Makaɗin da ya karɓo kiɗansa daga hannun ɓarawo muna taya shi murna, muna kuma roƙonsa ya waiwaya ya dubi mai gangan da yake zaune a bayansa. Allah ya ba mu zuciyar ba kowa hakkinsa.